Yatsu Bakwai

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don kowa ya hango teku,
Eleuterio ya ture kofin shayi gefe,
ya yaye tsohon bargo daga kan fiyanon lantarki.

Yatsu bakwai gare shi.
Ukun hagu, igiyar ƙarfe ta tashar jirgi ce ta karɓe su
wata Talata, shekara goma sha tara ke nan,
ko rasit ba ta ba shi ba.

Ya danna. 'Yar jar fitila ta buɗe ido.
Mai ƙirga ya soma daga cikin akwatin,
ƙas, ƙas, ƙas, ƙas,
kamar famfon da ba a ɗaure da kyau ba.

Layi na ɗaya, ganguna.
Da manuni biyu yake bugunsu,
irin bugun akawun tasha ranar da ya rubuta masa takardar sallama.
Layi na biyu, amon ƙasa mai kauri,
aikin hagu ke nan tun fil'azal,
amma yau dama ce ta ƙetara ta yi mata gayya.
Ya rage gudu zuwa sittin, tafiyar hawainiya,
ya jera sauti ɗaya bisa ɗaya
kamar magini da bulo,
sannan ya murɗa zuwa ɗari da goma,
sai ga bulo yana rawa.

Injin ba ya tambayar wane hannu ne.
Abin da ya sa suke shiri ke nan.

Layi na uku ya ɓaci sau tara.
A na goma, Doña Herminia ta bayan bango
ta ɗauko sandar shara,
dum, dum, dum.
Ya kasa kunne, ya murmusa:
tsohuwar nan ko a masifa ba ta saɓa wa kiɗa.

Akwai wani madanni da jikansa Baltasar ya nuna masa.
In ka taɓa shi, duk sautin da ya makara
za a jawo shi da kunne zuwa sahu.
Ya taɓa. Ya saurara.
Komai ya miƙe sumul kamar gadon asibiti,
babu mai latti, babu mai gaggawa,
babu kowa a gidan.
Ya mayar da abinsa yadda yake, da ɗingishinsa.

Layi na huɗu, akodiyan,
muryar da ya bari a ƙarƙashin gado tun waccan Talatar.
Yana tsakiyar hawa
sai cokali ya yi magana a cikin kofi,
ƙwan lantarki ya shiga lilo,
karnukan tudu suka ɗauka baki ɗaya.
Mutanen garin nan ba sa tashi don ƙaramar girgiza,
ƙwai suke kallo, su ƙirga a zuci.
Ya ƙirga, bai daina bugu ba,
sai dai ƙaramin yatsa ya zame
ya faɗa kan wani baƙin madanni da ba a gayyata ba.
Jar fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta rubuta.

Ƙasa ta koma barcinta.
Ta cikin bango aka ce, "Kana nan?"
Ya ce, "Ina nan. Ke fa?"
"Faranti ɗaya ya tafi. Mai fure."

Ya mayar da kiɗan farko.
Ganguna, amo, kowa na tafe a sahunsa,
sai a gaɓa ta ashirin da uku
ga baƙon nan, tsaye a karkace,
kamar gidajen unguwar.
Yatsa ya daɗe yana shawagi a kan madannin gogewa.
A ƙasa, jirgin kaya ya yi gurnani, ya fice.
Yatsa ya sauka a kan madannin ajiya.

Injin ya nemi suna. Gurbin harafi takwas ne kacal.
Ya ƙirga da yatsunsa, suka gaza da ɗaya,
ya ƙara da hanci:
HERMINIA.

Sannan ya ɗan ƙara murya,
ya jingina da kujera,
yana jiran sandar shara ta shigo a kan lokaci.